Inuwar Maigida da Akwatin Ƙuri'a: Zangon Kumasi a Zaɓen 1956

 

Duk sa'ad da babban zaɓe ya ƙarato a ƙasar nan, sai mu ji masu sharhi a gidajen rediyo suna lissafin mazaɓu. In sun zo kan zango ba sa ko tsayawa, sai su jefa mu cikin jakar jam'iyya guda, kamar da katinta aka haife mu. Samarinmu da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa a zaɓen watan Yuli na 1956, wanda shi ne ya buɗe ƙofar samun mulkin kai, manyan Zangon Kumasi suna sahun gaba cikin masu adawa da Kwame Nkrumah, tare da mutanen da NPP ta yau take kira kakanninta. Shekara 13 bayan haka, gwamnatin waɗannan abokan tafiya ce ta ba baƙi mako biyu su tattara nasu ya nasu. Muna so mu bi sawun wannan al'amari, mu ga wa ya zaɓi hanya, wa ya bi, kuma a wuyan wa kayan suka sauka.

Sai an san yadda dukiya take a zango kafin a gane yadda ƙuri'a ta kasance. Goro ne ya kawo kakanninmu. Ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya yi wata da watanni a hanya, ya sauka Salaga ta ƙasar Gwanja, domin can Tonawa suke kai goro, ba su cika yarda baƙo ya kutsa cikin kurmi ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu har bakin teku. Da Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai Kumasi ta buɗe wa kowa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Sannu a hankali goro ya rage bin bayan jakuna, ya koma jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kano. Alhasan Ɗantata, wanda ya zama attajirin da babu kamarsa a Kano, a wannan ƙasa ya goge a fataucin goro, yana kuma cikin na farko da suka bi da shi ta teku.

Ginshiƙin wannan ciniki duka shi ne maigida. Baƙon da ya koro shanu daga ƙasar Mosi, ko wanda ya zo sayen goro, ba ya san gari, ba ya jin Tonanci, ba shi da wanda zai amince masa. Sai ya sauka gidan maigida. Nan zai sami ɗaki da abinci, nan zai ba da ajiyar kuɗinsa, nan za a haɗa shi da dillali. In mahauci ya karɓi sa bashi, maigida ne ya tsaya, in mahaucin ya gaza shi zai biya. Abin da yake samu la'ada ce, amma jarinsa na gaskiya amana ne da yawan mutane. A ƙarƙashinsa akwai dillalai, da yaran gida masu ɗaurin huhun goro, da masu kora shanu zuwa mayanka, da malamin da yake yi masa addu'a yana karantar da 'ya'yan gida. In yaro ya isa aure maigida ne zai biya sadaki. In an haihu shi zai ba da ragon suna. In 'yan sanda sun kama wani shi zai je beli, in kuma baƙo ya rasu ba dangi, daga gidansa likkafani zai fito. Saboda haka a wancan zamani ba a auna arzikin mutum da abin da ya ajiye a banki, sai da yawan takalman da ake gani a ƙofar zaurensa bayan sallar la'asar.

A can ƙasa kuwa akwai jama'a mai yawa wadda tarihi bai riƙe sunayenta ba: 'yan kaya na kasuwa da tashar mota, masu gadi, leburorin hukumar gari masu shara da kwasar bayan gida, masu aikin gonakin koko, da mata masu sayar da koko da ƙosai da wake da shinkafa. Yawancinsu ba Hausawa ba ne ta wajen asali. Akwai Mosawa, da Zabarmawa, da Gurunsawa, da Busangawa, da Kotokoli, da Farafara, da Dagombawa, ga kuma Yarbawa da Wangarawa waɗanda suke da nasu attajiran. Hausa ce ta haɗa su, Musulunci ya ƙara ɗaure da yawa daga cikinsu, amma kowace ƙabila da sarkinta, kuma ba kowa ne ya ji daɗin ganin sarautar zango da limanci da kan ciniki sun tattaru a hannun Hausawa ba. Mu da muke riƙe da takardun fada, gaskiya ce mu faɗi wannan, domin daga wannan tsaga ce siyasa ta sami wurin shiga.

Sai maganar ƙasa, wadda a ganinmu ita ce mabuɗin labarin. Tun bayan 1900 filayen Kumasi suna hannun gwamnatin Turawa, sarkin zango kuma ga Bature yake kai gaisuwa. A 1935 aka maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante ƙarƙashin Otumfuo Osei Agyeman Prempeh na Biyu, a 1943 kuma aka mayar wa Asantehene filayen birnin. Daga ranar nan, duk maigidan da yake da gida goma a Tsohon Zango ko Aboabo, a kan ƙasar Manhyia ya gina su. Goron da yake saye daga kurmin sarakunan Asante yake fitowa. Rawanin sarkin zango ma, sai fadar Manhyia ta amince yake zama daram. Wanda dukiyarsa gini ce ba ya iya naɗe ta ya saɓa a kafaɗa, don haka dole ya san da wa zai zauna lafiya.

A Ankara, kamar yadda iyayenmu suke kiran Accra, aka fara kafa ƙungiyar Musulmin Gwalkwas a 1932, don taimakon juna. Girgizar ƙasa ta watan Yuni 1939 ce ta fara ja ta zuwa siyasa, sa'ad da Musulmi suka ga ba a yi musu adalci ba wajen rabon kayan sake gini. Da CPP ta karɓi ragamar gwamnati a 1951, mutanen zango da yawa sun yi murna, domin jam'iyya ce da abokan gābanta suke yi wa gori da cewa ta masu kwana a baranda ce, mu kuwa muna da masu kwana a baranda fiye da kowa. Amma da aka zo rabon rumfunan kasuwa, da lasisi, da ayyukan hukumar gari, da tallafin makarantu, sai zango ya ga ana tunawa da shi ranar gangami, ana mantawa da shi ranar rabo. Ƙungiyar ta shiga zaɓen majalisun birane a Ankara da Kumasi, ta ci wasu kujeru, a 1954 kuma ta zama jam'iyya sosai, wadda aka sani da MAP, wato jam'iyyar ƙungiyar Musulmi. Nkrumah ya yi tir da ita, yana ganin cusa addini cikin siyasa hanyar raba ƙasa ce.

Akwai wani abu game da wannan jam'iyya da ya kamata masu karatun allo irinmu su tsaya su duba. Dokar lokacin ta ce ba mai shiga majalisar dokoki sai wanda yake iya magana da karatu da Turanci. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Risala da Muhtasar, yana rubuta wasiƙa da Larabci da ajami zuwa Kano da Makka, a idon wannan doka jahili ne. Attajirin da yake riƙe da lissafin shanu ɗari a kansa, shi ma haka. Saboda haka jam'iyyar Musulmi ta zama tana da masu jefa ƙuri'a, tana da masu kuɗi, amma ba ta da isassun waɗanda za a jefa wa. Dole ta yi aron baki. Fitattun 'yan bokonta su ne Bankole Awoonor-Renner a Ankara, tsohon ɗan gwagwarmaya wanda ya taɓa tafiya da CPP, da Cobina Kessie a Kumasi, lauya ɗan Asante wanda ba a zango ya tashi ba. Ƙari a kan haka, 'yancin ƙuri'a yana rataye da zama ƙarƙashin tutar Ingila. Bahaushen Kano ko Zariya ya shiga ciki, amma Bamoshe ko Bazabarmen da ya fito daga ƙasashen Faransa, mai ɗaukar kaya mafi nauyi a kasuwa, sau da yawa yana waje. A zaɓen Yuni 1954 MAP ta sami kujera 1 tak daga cikin 104, CPP kuwa ta haura 70.

Wata biyu bayan wannan zaɓe ƙasa ta juya. Ministan kuɗi, Komla Gbedemah, ya kawo dokar da ta daskarar da kuɗin koko a kan sule 72 kowane kaya mai laba 60, har tsawon shekara huɗu, alhali farashinsa a kasuwar duniya yana ta hawa. Asante ce take noma kaso mafi tsoka na kokon, sai ta ga ana tatsar ta don a gina bakin teku. Ran 19 ga Satumba 1954 aka ƙaddamar da NLM a Kumasi, ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, babban mai magana da yawun Asantehene, suna neman mulkin tarayya. A watan Oktoba aka kashe sakataren farfagandarsu, E. Y. Baffoe, wani jami'in CPP ne kuma ya kashe shi. Daga nan Kumasi ta kama da wuta. Aka shiga ƙone gidaje da jifa da nakiya, manyan CPP da yawa suka gudu Ankara, Nkrumah kansa ya daɗe bai taka birnin ba.

To, ina ruwan zango da kuɗin koko, ko da mulkin tarayya? Ɗan kaya ba shi da gona. Mai gadi ba ya da kujerar sarauta da zai kāre. Amma Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba, attajiri mai gidaje da jama'a, da Alhaji Usman Ladan Lalemi, jagoran MAP a Kumasi, sun kai jam'iyyar cikin ƙawance da NLM. Ba ma ganin wannan a matsayin wauta ko cin amana. Mutanen nan sun duba inda suke zaune. Nkrumah yana Ankara, Asantehene kuwa yana nan bayan gida, ƙasar tasa ce, goron nasa ne. Ga kuma tsohon haushin yadda CPP ta yi da su a rabon kasuwa da majalisar gari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in ji Hausawa, amma wanda ya yi gini a kan ƙasar maɗaukin kanwar ba shi da zaɓin matsawa gefe.

Da maigida ya ɗaga hannu, sai gida duka ya ɗaga. Ba sai an yi wa kowa barazana ba. Yaron da maigida ya yi wa aure, mahaucin da yake karɓar shanu da lamuninsa, tsohuwar da take zaune a ɗakinsa ba haya, malamin da yake karɓar zakkarsa, wane ne cikinsu zai fito da jan zakaran CPP a ƙirjinsa ya wuce ta ƙofar zaure? A tarbiyyarmu wannan butulci ne, butulci kuwa ya fi talauci muni a idon jama'a. A Kano ta wannan zamani, Malam Aminu Kano da NEPU sun iya tsaga layi tsakanin talakawa da masu sarauta, domin can talaka ɗan ƙasa ne, yana da gonarsa da danginsa, in ya yi wa hakimi tsaurin ido zai sha ɗauri amma ba za a ce ya bar ƙasar ubansa ba. A zango kuwa talaka da attajiri duk baƙi ne a idon masu gari, kuma rumfar da talaka yake fakewa a ciki ta attajirin ce. Shi ya sa irin waccan siyasa ta talakawa ba ta yi saiwa a nan ba.

Sai dai biyayyar ba ta tsaya ga ƙuri'a ba. Kowane ɓangare yana da rundunar samari masu kulki da adda, kuma samarin zango sun yi yawa cikin rundunar NLM. An san su da rashin tsoro, an kuma yarda cewa suna da layu da maganin ƙarfe. Su ne a gaban jerin gwano, su ne masu gadin gidajen manya, su ne kuma a gadon asibiti da ɗakin kurkuku. Mutanen da ba su da ko itacen koko ɗaya sun zubar da jini a kan kuɗin koko, wasunsu ma doka ba ta ba su ƙuri'ar da suke faɗa a kanta ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na kowane ɓangare.

Domin kuwa akwai ɗaya ɓangaren. CPP ba ta bar zango haka ba, ta nemi duk wanda inuwar manyan ba ta rufe shi ba, ko wanda take yi wa nauyi. Ta sami samari 'yan ƙasa, haifaffun zango, waɗanda suka ɗan taɓa boko, suna ganin makomarsu tana ga sabuwar gwamnati. Ta sami wasu sarakunan ƙabilu da suka gaji da bin bayan Hausawa. Ta sami direbobi da ma'aikatan hukuma da ƙananan 'yan kasuwa masu jiran lasisi. Ta kuma sami manya masu nasu dukiyar da jama'ar, waɗanda suke hamayya da Amadu Baba a kan rawani, fitacce cikinsu shi ne Malam Mutawakkilu. Aka kafa ƙungiyar matasan Musulmi don ta kara da MAP. Wanda ya ce faɗan na masu kuɗi da marasa kuɗi ne bai duba da kyau ba, domin kowane sansani da attajiransa a sama da talakawansa a ƙasa. Rikicin ya shiga har cikin aikin ginin babban masallacin Juma'a, ya shiga maganar limanci, ya raba maƙwabta da surukai. Wannan tabo ya daɗe bai warke ba.

Ran 17 ga Yuli 1956 aka yi zaɓen. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa, mai zaɓe ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa. CPP ta ci kujeru 71 daga 104. Ta share dukkan kujeru 44 na kudu, ta sami 11 daga 26 na arewa, har a Asante ma ta tsira da 8 daga 21. NLM ta sami 12, jam'iyyar mutanen arewa ta sami 15. MAP ta sake samun kujera 1, ita ce Kumasi ta Arewa, inda zango yake, Cobina Kessie kuma ya hau ta. Zango ya cika alkawarinsa ga abokan ƙawance, amma ƙawancen ya faɗi a ƙasa baki ɗaya. Ran 6 ga Maris 1957 Ghana ta sami 'yanci a hannun mutumin da aka yi wa adawa.

Ba a ɗauki lokaci ba sakamako ya biyo. Sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ba ta wadatu da cewa an haife ka a Ghana ba, sai an duba inda aka haifi iyaye ko kakanni. A tsakiyar shekarar aka ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, aka ce zamansu ba alheri ba ne ga jama'a. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, ba a korar ɗan ƙasa. Tun kotu ba ta yanke hukunci ba, a watan Agusta, majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayen mutum biyun nan, ta kashe shari'ar, aka fitar da su zuwa Najeriya. Lauyan da ya zo daga Ingila kan al'amarin, Christopher Shawcross, an hana shi sake shigowa ƙasar. Jaridun Ingila suka yi ta surutu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A lura, Baffour Akoto da sauran manyan NLM sun sha tasu wahalar daga baya ƙarƙashin dokar tsarewa ba shari'a ta 1958, amma ba wanda ya iya ce musu su koma inda suka fito. Wannan sanda ta zango ce kaɗai.

A ƙarshen 1957 aka yi dokar hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. MAP ta narke cikin haɗaɗɗiyar jam'iyyar adawa ta UP, wadda Dokta Busia yake jagoranta. Malam Mutawakkilu ya zama Sarkin Zango da goyon bayan gwamnati. An ci gaba da korar wasu fitattun Musulmi 'yan adawa a 1958, har kotu ta sami ministan cikin gida, Krobo Edusei, da laifin raina ta, majalisa kuma ta yi dokar wanke shi. Cobina Kessie fa, wanda aka fasa kawuna don ya shiga majalisa? Bai daɗe ba ya daidaita da gwamnati, ya zama jakadan Ghana a ƙasashen waje. Ba mu faɗi wannan don zargi ba, mutane da yawa sun yi haka a lokacin. Amma ɗan boko yana da gadar da zai haye, ɗan kaya ba shi da ita.

Da soja suka kifar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966, Alhaji Amadu Baba ya dawo Kumasi, tsofaffin 'yan MAP suka ga ranarsu ta fito. A zaɓen Agusta 1969 jam'iyyar Busia ta PP ta lashe kujeru 105 daga 140. Waɗanda suka sha kora da ɗauri saboda wannan gida suna da dalilin sa ran sakayya. Ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnati ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. Wa yake da takarda a zango? Mutanen da suka shigo da ƙafa tun ba a san fasfo ba, da 'ya'yansu da aka haifa a ɗaki ba a rubuta ko'ina ba. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. An sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba. An cika manyan motoci da mata da yara, an yi kwanaki a kan iyaka, wasu sun rasu a hanya. Yaran da ba su san wani gari ba sai Kumasi aka kai su ƙauyukan da ba su taɓa gani ba. A 1970 wata doka ta biyo, ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa.

Masu kāre Busia sukan ce dokar baƙi ta 1963 ya aiwatar, wadda gwamnatin Nkrumah ta yi, kuma Nkrumah ne ya fara korar shugabannin zango. Duka biyun gaskiya ne, kuma ya kamata matasanmu su san cewa gidajen siyasar nan biyu kowanne ya taɓa nuna mana ƙofa. Amma me ya sa aka manta da korar 1957, ta 1969 kuwa har yau kaka tana ba jikanta labarinta? A nan ne bambancin mai shi da mara shi ya fito fili. Ta farko ta faɗa kan manya ƙalilan, masu lauyoyi, masu masauki a Najeriya, waɗanda jaridu suka rubuta sunayensu, wasunsu kuma suka dawo. Ta biyu ta shiga kusan kowane gida. Attajirai ma sun yi hasara a cikinta, musamman 'yan kasuwar Yarbawa, amma mai hali yana iya neman lauya, ya bi ofis ya samo takarda, ko ya sami babban mutum ya tsaya masa. Wanda ba shi da kowa shi ya hau mota. A ranar nan inuwar maigida ta kasa rufe mutanensa, talakan zango kuma ya gani da idonsa. Waɗanda suka tsira, da waɗanda suka lallaɓo suka dawo bayan faɗuwar Busia a 1972, su da 'ya'yansu ne masu yawan ƙuri'a.

Tun daga 1992 akasarin zanguna suka karkata ga Rawlings da NDC. NPP ta san ciwon, ta kuma yi ƙoƙarin magance shi. Ta kafa reshen Nasara don zanguna, ta ɗauki Alhaji Aliu Mahama mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ta kafa ma'aikata da asusun raya zanguna a 2017, a 2024 kuma ta tsayar da Musulmi, Dokta Mahamudu Bawumia, takarar shugabancin ƙasa. Ta sami mutane, ba a musu, musamman cikin 'yan kasuwa da 'yan boko da matasan da 1969 ta yi musu nisa. Duk da haka mazaɓar Asawase, wadda ta tattara yawancin zangunan Kumasi, tana hannun NDC tun da aka ƙirƙire ta a 2004, a tsakiyar yankin da NPP ta fi ƙarfi a duk ƙasar. Jikokin waɗanda suka riƙe wa NLM kulki ne suke jefa wannan ƙuri'a.

Maigidan goro da shanu ya ragu ƙwarai, waya da banki da babbar mota sun cinye rabin aikinsa. Masu kuɗinmu na yanzu da yawa sun gina gidajensu a wajen zango, sai Juma'a da jana'iza da lokacin kamfe ake ganinsu, kuma ba abin mamaki ba ne a ga gida ɗaya wa yana wannan jam'iyya ƙane yana waccan, kowa yana tsare wa gidan ƙofa ɗaya. Tambayar da aka yi wa Amadu Baba a 1957 kuwa, wato ina aka haifi ubanka da kakanka, har yanzu 'ya'yanmu suna jin ta a layin katin ɗan ƙasa da na fasfo, da zarar jami'i ya ga sunan. A rajistar masu zaɓe ta 2020 ba a karɓi takardar haihuwa ko tsohon katin zaɓe ba. Mai fasfo ko katin Ghana ya miƙa ya wuce. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai da ya nemo mutum biyu masu rajista suka tsaya masa.